Ƙwayar ayabar daji ta ƙi tsirowa, mi na yi ba daidai ba?

Mai Garka, Gamkalle (Yamai):

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara 19 ina aikin garka a bakin kogi, salati da kabeji da yalo, da gindin ayaba guda 6 da na dasa daga ɗiya. Amma wannan abu ya fi ƙarfina.

Marigayi mahaifina yana da wata tasbaha ta baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri kamar tsakuwa, yakan ce ƴaƴan ayabar daji ne, daga Najeriya ya zo da ita. Tun ina yaro nake mamaki, don ni ban taɓa ganin ayaba mai ƙwallo ba. Bara ƙanena da ke ɗauko dankalin turawa daga Jos ya samo mini ƙwaya 14 wajen wani manomi da ya ce a tsakanin duwatsu take fitowa. Na shuka 10 cikin ledoji da lakar kogi da kashin shanu, ina ba su ruwa safe da maraice. Yau kwana 45 ke nan, shiru. Jiya na tono ɗaya na fasa da guduma, cikinta ya zama ruwa-ruwa yana wari. Saura 4 a hannuna kuma ina tsoron ɓata su. Ba ci nake so ba, so nake in ga shukar da idona kafin Allah ya ɗauki raina. Wanda ya sani ya taimaka.

Ɗalibin Noma, Harobanda:

Wa alaikumus salam Baba. Ruwa ne ya kashe ta. Laka tana riƙe ruwa, ga kashin shanu a kai, ƙwayar ba ta samun iska sai ta ruɓe. Yadda kuka kwatanta, ina kyautata zaton wadda masana ke kira Ensete livingstonianum ce, a tsofaffin littattafai Ensete gilletii. Ƴar uwar ayaba ce, ba ita ce ayabar kasuwa ba. Ayabar da muke ci asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, daga iri biyu na daji, Musa acuminata da Musa balbisiana, su ma cike suke da ƙwallaye. Ta kasuwa ba ta yin ƙwaya, shi ya sa ake dasa ɗiya. Ita kuwa taku ba ta fitar da ɗiya da kanta: ta girma, ta yi fure sau ɗaya, ta zubar da ƴaƴa, ta mutu. Ke nan ƙwayar nan ita ce gadonta duka.

Sauran 4 ɗin, ku ɗan goga gefen kowace da sanfefa, kaɗan, don ɓawon ya yi laushi, kada ku kai ga farin da ke cikin ƙwayar. Ku jiƙa su cikin ruwa mai ɗumi kwana 2, kuna canza ruwan. Sannan rairayin kogi wankakke, a gauraya da ɗan ruɓaɓɓen ganye, a binne zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Ƙasar ta kasance da danshi kamar tsumman da aka matse, iyakarta ke nan. Ƙwayar ayaba tana son rana da ɗumi, dare da sanyi-sanyi, wannan sauyin ne ke tashe ta. Kuma kwana 45 ba komi ba ne, wata tana fitowa cikin mako 3, wata sai ta kai wata 6. Don Allah kada ku sake tono sauran 9 ɗin da ƙarfi. Ku zazzage su a hankali, ku wanke, wadda ba ta yi taushi ko wari ba ku mayar cikin rairayi.

Tsohon Ɗan Ci-rani, Tawa:

Yaron nan ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ke bayan tsirowa nake ji maka. Na yi shekara 7 ina aiki a gonar ayaba a Kodebuwa, can ruwan sama ne ke yi maka rabin aiki. Da na dawo gida na dasa gindi 3 kusa da rijiya. Hunturu ya yayyaga ganyen kamar tsumma, bazara ta zo ta ƙone abin da ya rage, ɗaya kaɗai ya kai damana. Yamai ta fi mu ruwa amma watan Afrilu naku ma zafi yana wuce digiri 40. Jos kuwa tudu ne, sanyi gare shi. In ta fito, ka ajiye ta ƙarƙashin mangwaro inda ranar safe kawai za ta same ta, ka kewaye ta da zana ta gabas saboda iska. Ka lura da gara, in ka sa ɗanyen taki za ta zo. Kada ka fitar da ita daga leda sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuli.

Ɗalibin Noma, Harobanda:

Akwai abu ɗaya da zai kwantar muku da hankali, Baba na Tawa. Wannan irin ya saba da rani. In ruwa ya ɗauke sai ganyen ya bushe ƙurmus, gindin ya kwanta cikin ƙasa, damana ta zo ya sake toho. Saboda haka in Baba Mai Garka ya ga ta bushe a watan Disamba kada ya ce ta mutu ya tumɓuke, kuma kada ya cika ta da ruwa lokacin, ruɓewa za ta yi. Babbar yayarta, Ensete ventricosum, ita ce mutanen kudancin Habasha ke nomawa, wajen mutum miliyan 20 ne ke rayuwa da ita. Jikinta da gindinta suke kankarewa su binne ya yi tsami su yi abincin da suke kira koco.

Maman Ƴan Biyu, Yantala:

Malam, ni fulawa nake reno a gida. An taɓa kawo mini ƙwayar wata ayabar ado daga Faransa, mai ƴaƴa ruwan hoda, Musa velutina, asalinta arewa maso gabashin Indiya. Cikin gwangwanin tumatir na shuka, na huda ƙasansa, na ajiye gindin randa inda danshi ke tsattsafowa. Na gaji da jira har na manta, sai bayan wata 3 na ga wani abu fari-kore a naɗe kamar tsinken sakace. Cikin 5 biyu suka fito. Kaji suka cinye ɗaya ranar da na bar ƙofa buɗe, har yau abin yana mini ciwo. Ka kife musu kwando tun yanzu.

Mai Garka, Gamkalle (Yamai):

Allah ya saka muku da alheri. Na zazzage 9 ɗin da hantsi, 3 sun ruɓe, 6 suna nan da taurinsu. Na wanke su na mayar cikin rairayi gindin randar garka, na kife kwando kamar yadda Hajiya ta ce. Guda 4 ɗin suna cikin kofi tun jiya da magariba, gobe in Allah ya kai mu zan shuka su. Ɗana na Harobanda, wajen gogawa na ga ɗan rami a gefe ɗaya na kowace ƙwaya, kamar cibiya. Sama zai kalla ko ƙasa?