Me ke sa sababbin littattafai yin sanyi a tsakiya?

Mai Karatu: Jama'a, me ya sa sababbin littattafan soyayya, almara da tarihi suke farawa da armashi, sai su yi lami a tsakiya?

Alƙalami: 'Yar'uwa, a na soyayya, saɓanin da magana ɗaya za ta warware ake ja har babi goma. Ya kamata cikas ya zama mai nauyi: bashi, alkawari, ƙin amincewar iyaye.

Tauraruwa: Na almara kuwa, ba a gindaya wa sihiri doka. In jarumi zai yi komai bai rasa komai ba, ina fargabar?

Dattijo: Na tarihi sun fi ban takaici. A jibge bincike shafi uku, labari ya tsaya cik. Can kuma ka tsinci agogon hannu a ƙarni na 15!