Abin da aka tattauna kan ganyen lobeliya

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu kan amfani da haɗarin ganyen lobeliya.

1. Tsiron gabashin Arewacin Amurka ne, mai ƙananan furanni shuɗi-shuɗi. 'Yan asalin yankin sun daɗe suna amfani da shi don asma da tari.

2. Batun barin sigari ne ya raba kawuna. Wasu sun ce sinadarin lobelin da ke cikin ganyen yana rage ƙishin taba. Wasu suka tunatar cewa a 1993 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta hana sayar da shi don haka, saboda ba a tabbatar da amfaninsa ba. Ni ina goyon bayan waɗannan na biyun.

3. Babu mai musun haɗarinsa: in ya yi yawa, sai amai, zufa, karkarwa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Masu juna biyu, yara da masu ciwon zuciya su nisance shi. Mai asma kuwa, don Allah kada ya ajiye maganin shaƙarsa.