Dajin da aka sare: dashe ya fi, ko a bar kututture ya tofo?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan sara da kiwo sun cinye daji har ya rage sai kututture, wace hanya ce ta fi dawo da shi? Ana yawan dasa itatuwa da damina, amma kafin bazara ta ƙare sun bushe.

Gandun_Daji: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kawo dashe ko ɗaya, a fara duba kututturen. Da yawansu na da rai, kuma saiwarsu ta riga ta kai ga danshi, wanda dashe sai ya shekara da shekaru kafin ya kai can. A kowane kututture a zaɓi tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran. A rage rassan ƙasa zuwa rabin tsayin tofon kawai. In an wuce haka, iska ko dabba na karya shi. Adda ta zama mai kaifi, kuma a yanko daga ƙasa zuwa sama, domin saran sama yana ɓare ɓawo, ciwon ya zama ƙofar ruɓa da gara. A riƙa komawa duk bayan wata biyu zuwa shida, don sabon tofo ba ya daina fitowa. Wannan dabarar ce Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, ya yaɗa a yankin Maraɗi a shekarun 1980.

Uwar_Iri: Gaskiya ne Yallabai, sai dai kututture abin da ke nan kawai yake dawowa da shi. Irin da ya ƙare a wurin dole a dasa. Kuma don Allah a daina cika fili da turare ko darbejiya zalla ana kiransa daji. Inuwa ce kawai, ƙarƙashin turare ma ciyawa da ƙyar take fita. A gauraya gawo, ɗorawa, kirya, marke, da ɓaure musamman, saboda tsuntsaye da jemagu na zuwa cin 'ya'yansa, su zubar da irin wasu itatuwan a kashinsu. A tsinci iri daga uwaye aƙalla 30 masu nisa da juna, kada cuta guda ta kwashe su duka. Irin gawo da ɗorawa ɓawonsa tauri gare shi: a zuba masa ruwan zafi, a bar shi ya kwana a ciki. Na kaɗanya kuwa ba ya jira, cikin 'yan kwanaki ake shuka shi. Dashen da aka raina a leda kuma, a cire ledar kafin a binne.

Gandun_Daji: Sai wuta, wadda ke shafe aikin shekara uku a yini ɗaya. A share layi mai faɗin mita biyar zuwa goma a kewaye da zarar damina ta ɗauke, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Busasshen icen da ya faɗi a tsakiyar dajin kuma kada a kwashe duka, gidan ƙwari ne da ƙadangaru, daga baya ya zama taki.