Cibiyoyin bincike su ci da kansu? Muhawarar 'yan Zangon Kumasi

Alhaji Mai Masara: Salamu alaikum. Maganar da na yi jiya a majalisa ina nan a kanta. CSIR, hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Gana, na da cibiyoyi 13, gwamnati na biyan albashi, kuɗin aiki kuma sai ƙyar. Ƙasar da IMF ta amince wa bashin dala biliyan 3 a 2023 ba ta da ƙarfin riƙe su duka. A haɗe su, kowacce ta sayar da abin da ta ƙirƙira ta ci da kanta, wadda ta kasa a rufe ta. Tun 1996 ma doka ta buɗe musu ƙofar neman kuɗin shiga.

Malama: Wa alaikumus salam. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Ka san masarar Obatanpa. Cibiyar binciken amfanin gona ta nan Fumesua, kusa da Kumasi, ce ta fitar da ita a 1992, masara mai ingancin furotin da ake dama wa yara koko da ita. Manomi ya sayi irin sau ɗaya, ya girbe, ya ware na baɗi daga rumbunsa, ya ba maƙwabci. Ribar ta shiga gonaki da tukwane, ba ta koma asusun cibiyar ba. Da ma'auninka aka auna ta, da an ce ta yi asara.

Alhaji Mai Masara: To ai masu binciken gine-gine sun yi simintin pozolana, kuma ya shiga kasuwa. Me ya hana sauran?

Malama: Siminti ana zuba shi a buhu a sa masa farashi, Baba. Wa zai sayi taswirar ƙasar noma da cibiyar binciken ƙasa ke yi a Kwadaso? Da tsutsar nan ta faɗa wa masara a 2016, wane ɗan kasuwa ne ya biya a gano yadda za a yaƙe ta?

Ɗan Aboabo: Yaya Malama, ki bar ni in sa baki, don na yi shekaru ina aikin ɗakin gwaji, ba zan faɗi wurin ba. Ranar da ba na mantawa, wuta ta ɗauke, janareta babu mai. Da safe na buɗe firiza, ruwa ya biyo ƙafata, samfuran da muka tara damina uku sun narke. Ƙarshen wata albashi ya shigo cif. Na zauna ina jin kunyar kuɗin. Don haka Baba yana da gaskiya ta gefe guda: biyan mutum a hana shi kayan aiki ɓarna ce. Amma wurin yanka daban ne. A Fumesua kaɗai akwai cibiyar amfanin gona, ta gandun daji, da ta gine-gine da hanyoyi, kowacce da daraktanta. A haɗa ofisoshi da motoci da sayen kaya, rarar a zuba ta a ɗakunan gwaji. Mai binciken da aka sallama kuwa, jirgi zai hau, ba zai dawo ba.

Malama: Nan muka haɗu. Kuma a tuna, majalisar dokoki ta yi dokar asusun bincike na ƙasa tun 2020, ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu ga bincike, Gana ba ta kai ba. Idan kuɗin waje ne ke riƙe da aiki, mai kuɗin ne ke zaɓar tambayar. A shekarar korona, cibiyoyin binciken cututtuka na Noguchi a Accra da KCCR a Kumasi ne suka ɗauki nauyin gwajinmu tun farko, domin an same su a tsaye.

Alhaji Mai Masara: Na janye maganar rufewa, 'yata. Haɗe ofisoshi kuwa ina nan. Amma ku faɗa mini, kashi ɗayan nan daga aljihun wa za a ciro shi, asibiti ko makaranta?