Na sayar masa da zane, ya buga shi a kalanda: ina zan kai ƙara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zane ne a Samaru. Bara na zana hawan daushe a ƙofar fadar Sarkin Zazzau, na sayar wa wani ɗan kasuwa, ba mu rubuta komai ba. Makon jiya sai na ga zanen a kalandar shagonsa, an goge sa hannuna. Da na yi masa magana, sai ya ce abin da mutum ya saya da kuɗinsa nasa ne. Shin ina da hakki, kuma kotun majistare zan je ko ta shari'a?

Wani lauya: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya saya shi ne allon da fentin da ke kansa, amma ikon bugawa da yaɗawa yana hannunka, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta yarda wannan iko ya koma hannun wani ba sai da yarjejeniya a rubuce. Goge sunanka kuma wani take hakki ne daban. Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa kotunan da ka ambata, don Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin irin wannan ƙara, kuma tana zama a Kaduna. Kana iya neman ta hana shi ci gaba da rabawa, ta kuma sa ya biya diyya.

Wata malamar zane: Ɗan'uwa, kafin komai ka nemi kalandar guda ka adana, tare da zanen gwajin da ka fara yi da fensir, da hotunan aikin tun bai bushe ba, da shaidar kuɗin da ya turo maka. Rashin yi wa zanen rajista ba ya kashe hakkinka, amma a gaban alƙali hujja ce ke magana.

Wani dattijo: Yaro, shari'a saɓanin hankali, kuma zirga-zirgar Kaduna da kuɗin lauya suna iya cinye abin da za a ba ka. Ka sa Barista ya rubuta masa takardar gargaɗi, sannan ku zauna gaban shugabannin kasuwarsu. Ɗan kasuwa ya fi tsoron zubewar mutunci a cikin abokan cinikinsa fiye da sammaci.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Barista, zan kawo maka kalandar ranar Litinin, in Allah ya kai mu.