Neman shawara: in riƙa rataya ƙaramar bindiga idan za mu farautar dila?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, kwana uku ke nan abin yana cin raina. Ina zaune a yammacin Texas, kusa da San Angelo, ƙasar tumaki da awaki. Shekara biyu da suka wuce na je neman ragon layya wurin wani dattijon Bature makiyayi, ya bar ni na yanka da hannuna a bayan shingensa, daga nan zumunci ya ƙullu. Ragon sunan Hanifa ma a wurinsa na saya, matarsa har da aiko wa maiɗakina bargon jarirai. Damuwarsa ɗaya ce, koyote, wato dilan ƙasar nan. Ya ɗan fi namu girma, kuma lokacin haihuwar awaki ba ya barin 'ya'ya. Shi ne dattijon ya fara gayyata ta farautar dare, yana ara mini doguwar bindigarsa mai harsashi .223.

Ranar Asabar muna zaune a ƙasa, na jingina da wata bishiya mai ƙaya, na'urar kira tana ta kukan zomo. Fitila ta haska idanu biyu, na harba, ya faɗi. Da na je dubawa ashe da sauran ransa, ya yunƙuro yana buɗe haƙora, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Na ɗaga bindiga, ba na ganin komai a madubin hangen nesa na bindigar sai duhu da gashi. Dattijon ne ya zaro fistol, wato ƙaramar bindiga, daga ƙugunsa ya ƙarasa shi. Har muka koma mota gwiwata tana rawa. Yanzu ina so in sayi tawa. Glock 19 na gani, wani kuma ya ce in nemi mai juyi ta .357. Maiɗakina ta ce ba a gidanta ba. Wacce ta fi?

Direban Houston: Wa alaikumus salam. Ƙanena, saurara, shekarata 14 a jihar nan. Ba don dila ake rataya fistol ba, dila matsoraci ne, da ya ji warinka ya cika wandonsa da iska. Don aladen daji ake ratayawa, musamman uwa mai 'ya'ya, sai macijin nan mai ƙaraurawa a wutsiya. Glock 19 harsashinta 9mm ne, ta ishi dila, amma ga alade ka nemi Glock 20 mai 10mm, magana ta ƙare. Kuma kada ka ɗaura ta a ƙugu. Mai farautar dila a ƙasa yake zama, za ta yi ta tokarin haƙarƙarinka, bakinta yana shan ƙasa. Kube na ƙirji za ka saya, wanda ya rufe kunamar ruf, don Glock ba ta da makullin da ake turawa da yatsa. Tun 1 ga Satumba 2021 a Texas duk wanda ya kai shekara 21 yana iya ɗaukar fistol ba tare da lasisin ɗauka ba. Je ka saya kawai.

Maman Ilham: Yaya Direba, "je ka saya kawai" fa ka ce? Baban Hanifa, duk wannan dogon labari ba ka faɗa mana da wace takarda kake zaune ba. Katin zama na dindindin gare ka ko biza?

Ɗan Maharbi: Ikon Allah. Mahaifina da kwari da baka da adda ya yi ta fama da kuraye a dajinmu, bai taɓa riƙe fistol ba. Dila kuma? Gora ta ishe shi. Mu nan Najeriya ko bindigar toka sai da izinin kwamishinan 'yan sanda, fistol kuwa dokar 1959 ta sa ta cikin haramtattu, sai da sa hannun shugaban ƙasa. Amma ɓarayin daji suna yawo da AK-47 tsakar rana. Bara shanunmu goma sha ɗaya aka kora, har yau ko igiya ba mu gani ba. Ku kuna can kuna zaɓen lamba kamar masu sayen takalmi.

Baban Hanifa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Hajiya, biza ce ta karatu, amma ina ɗan aiki. Ban ga abin da ya haɗa wannan da tambayata ba, ai ba cikin gari zan riƙa yawo da ita ba, gonar mutum ce, kuma da izininsa.

Maman Ilham: Ya haɗa ƙwarai. Dokar tarayya ta hana mai bizar zama na ɗan lokaci riƙe bindiga ko harsashi, kuma aro ma riƙewa ne. Akwai togaciya ga wanda yake da lasisin farauta mai aiki. Kana da shi? Na Texas yana ƙarewa ne 31 ga Agusta kowace shekara, ranar da ya mutu kariyarka ta mutu tare da shi, ko da bindigar tana kulle a akwati. Waccan dokar ta 2021 ba ta wanke wanda dokar tarayya ta hana ba. Ka ga lauyan shige da fice kafin ka taka shagon bindiga. Kuma maganar matarka ba abin yarwa ba ce, Hanifa ta kusa fara buɗe durowa.

Direban Houston: Hajiya kullum sai kin tsorata mutane. Lasisin farauta a waya ake saye, minti goma. Ni lauya ya taɓa cinye mini kuɗin lodi biyu a kan takardar da na iya cikewa da kaina, tun daga ranar na yi rantsuwa. Ƙanena ka yanki lasisi, ka yi kwas ɗin mafarauta tunda bayan 1971 aka haife ka, shi ke nan.

Injiniya: Ni ina ganin duk an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar daren nan ba rashin fistol ba ce. Madubinka yana kan ƙarshen girmansa, shi ya sa ba ka ga komai a kusa ba. Ka riƙa mayar da shi ƙasa kafin ka tashi, ka jira mintuna, ka zo wa dabbar ta baya, fitila a goshi. Wanda bai saba da fistol ba, ga duhu, ga rawar jiki, ga bindiga biyu a jikinsa, ƙafarsa ya fi kusa da harbi. Fistol ta fi doguwar bindiga wuyar saiti nesa ba kusa ba. Ka taɓa harba ta sau nawa?

Baban Hanifa: Sau ɗaya, gwangwani, kuma na same shi. Injiniya ba ka wurin ne, da ka ga haƙoran nan ba za ka yi maganar madubi ba. Dattijon ya ce min don dabbar da ke cin awaki ba a buƙatar lasisi, shi ya sa ban yanka ba. Mutumin ya fi shekara hamsin yana wannan harka, ba zai cuce ni ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Shi ɗan ƙasa ne, maganar dokar farauta ta jiha yake yi maka. Taka matsalar ta tarayya ce. Don girman Allah kada ka sake taɓa bindigarsa sai ka gyara wannan.

Malam Ƙarami: Ni tambayata daban ce, tunda ba cin naman ake yi ba, ya halatta a yi ta kashe su?

Direban Houston: Malam, mai ɓarna a dukiya ai ba a jira ya gama. Ƙanena, in kuɗin Glock 20 ya yi maka yawa ka fara da .357 ɗin, tana cin harsashin .38 mai sauƙin kuɗi don koyo, akwai ma na ƙananan ƙwayoyi don maciji. Kada dai ka yarda wani ya saya maka da sunansa, wannan kam ɗauri ne.

Baban Hanifa: Na gode duka. Zan duba maganar lasisin in na samu sarari, jarrabawa muke ciki. Akwati mai makulli zan saya in bar ta a mota, kin ga ba ta shiga gidan ba ke nan. Asabar ɗin nan dai na riga na yi wa dattijon alkawari. Yaya Direba, kuben ƙirjin nan ana sa shi a kan rigar sanyi ne ko a ƙarƙashi?