Neman taimako: jirgina mai saukar ungulu ya ƙi daidaita bayan sauya injin wutsiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana wannan harka. Ina zaune a Jidda, kuma ina da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na rimot, mai batirin LiPo (wani nau'in batiri mai caji) na bolt 7.4. Injin wutsiyarsa mai burushi (wato 'yan sassan da ke gogar abin da ke juyawa a cikin injin don kai masa wuta) ya ƙone, sai na maye gurbinsa da marar burushi, wanda ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi nauyi.

Tun daga nan jirgin ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Idan na ɗaga shi da yatsu ta ƙarƙashin kan babbar farfela, wutsiya ce take rinjaya, alhali ya kamata nauyin ya faɗa daidai kan sandar farfelar. Na tura batirin gaba har ƙarshen mazauninsa, amma da ya tashi sai ya riƙa ja da baya, wutsiyar kuma tana kaɗawa hagu da dama da sauri. Na rage ƙarfin jairo, wato na'urar da ke daidaita wutsiya don kada jirgin ya riƙa juyawa, kaɗawar ta lafa, sai dai hancin ya soma juyawa duk lokacin da na ƙara wuta. A cikin ɗaki nake gwajin, saboda haka ba iskar bakin teku ba ce.

Shin in liƙa dalma a hancin, ko in sayi batiri mafi nauyi? Dalmar ba ta kwanta mini ba, domin ƙarin nauyi ce kawai ga babban injin, wanda dama yana saurin zafi a yanayin nan. Kuma ko sanya farfelar wutsiya mafi ƙanƙanta zai magance kaɗawar ba tare da na sake taɓa jairon ba? Allah ya saka da alheri.